Shawarwarin da aka bayar kan masauki mai shiru a Zanzibar

Tambayar ita ce: ma'aurata masu neman hutu nesa da hayaniya a Zanzibar, wane masauki ya dace su kama? Waɗanda suka taɓa zuwa sun fi karkata ga ƙananan otal-otal masu ɗakuna kaɗan a gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, wajen Matemwe, Jambiani ko Michamvi. Nungwi da Kendwa da ke arewa kuwa cike suke da baƙi da kiɗa har tsakar dare.

An fi daɗewa kan maganar janyewar ruwa. A gabas, teku kan ja baya da nisa sau biyu a rana, ya bar yashi da gonakin ciyawar teku da matan ƙauye ke nomawa. Mai son iyo a duk lokacin da ya ga dama, sai ya tambaya ko otal ɗin na da wurin ninkaya, ya kuma duba jadawalin cikar ruwa kafin ya biya kuɗi. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace amfani, domin hotunan talla lokacin da ruwa ya cika ake ɗaukarsu.

A guji Maris zuwa Mayu, lokacin ruwan sama mai ƙarfi. Wasu masaukan ma rufewa suke yi. A tambayi batun janareta da gidan sauro. Abincin halal ba wuya, tunda yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne, amma a sa sutura ta mutunci idan za a shiga ƙauye. Tun Oktoban 2024, baƙi na biyan inshorar dole ta dala 44.