Na tsinci tsohuwar aska a zabirar Kakanmu, wa ya san inda aka ƙera ta?

Jikan Wanzami:
Salam jama'a. Dan Allah masu sani ku taimaka min. Satin da ya wuce muna gyara ɗakin marigayi Kakanmu a Yakasai sai na ci karo da zabirarsa a ƙarƙashin gado, ƙahonni na ciki da dutsen wasa aska da askake guda huɗu, uku irin na maƙeran gida ne amma ɗayar daban take, irin mai naɗewa ce tana shigewa cikin ƙotarta. Ƙotar fara ce ta ɗan yi ɗorawa. A gindin ƙarfen kusa da ƙusar akwai tambarin tauraro da wani abu kamar gicciye, sai rubutu da tsatsa ta cinye rabinsa, abin da na iya karantawa shi ne RODG.. & SONS, sai HIS MAJESTY, ƙasa kuma SHEFFIELD ENGLAND. Baffana ya rantse daga Makka aka zo da ita kuma ta fi shekara 200, wai ƙotar ma hauren giwa ce. Ni dai ban musa masa ba tunda babba ne. Gaskiyar magana fa?

Dan_Kurmi:
Allah ya jiƙan Kaka. Ɗan'uwa wannan ai ba ta da wuyar ganewa, Joseph Rodgers & Sons ce, kamfanin wuƙaƙe da askake na garin Sheffield a Ingila. Tauraron nan da gicciyen tambarinsu ne, tun 1682 aka fara rajistarsa a Sheffield, ba ruwansa da addini, a da kowane maƙeri a garin da alamarsa da yake bugawa a ƙarfe. In ka goge a hankali wataƙila ka ga No 6 Norfolk Street, adireshinsu kenan a wancan lokacin.

Maganar shekara 200 kuwa a gaya wa Baffa ya yi haƙuri. Kalmar ENGLAND ɗin nan ita ta tona asiri, a 1890 Amurka ta yi dokar haraji da ta ce duk kayan da za a shigar mata sai an rubuta ƙasar da aka yi su, daga 1891 maƙeran Sheffield suka fara ƙara England, kafin nan Sheffield kawai suke bugawa. Sannan HIS MAJESTY na nufin sarki namiji ne a kan gadon Ingila, Sarauniya Biktoriya kuwa sai 1901 ta rasu. To haɗa biyun, bayan 1901 aka yi ta. Ni a ganina ma ba sai an je Makka ba, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa irin su John Holt suka cika da kayan Ingila, da wuya in ba ta nan ta shigo ba. Amma fa ana iya siyo kayan Ingila a Makka a kawo tsaraba, don haka kar ka ƙaryata tsoho gaba ɗaya.

Maman Khalifa:
ikon Allah, mu ma akwai irinta a gidanmu amma tamu hoton wasu mutane biyu ne a jiki kamar sun riƙe juna, yara har sun karya mata baki wajen fere rake 😭

Dan_Kurmi:
Hajiya taku ta Jamus ce, tagwayen nan tambarin J.A. Henckels ne na garin Solingen. Rake kuma? Haba, an cuci askar nan.

Tsohon Fagge:
Yaro, ni batun ƙotar zan yi maka. Ka fito da ita rana ka duba sosai. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe, haure kuwa sumul yake da wasu siraran layuka da ba su tafiya daidai. In ka ga layukan sun jeru reras kamar an ja da rula to roba ce irin ta da, seluloyid, wadda ake yi don ta yi kama da haure. Ka murza ta da yatsa har ta ɗau zafi ka shinshina, in ka ji ƙanshin kafur ita ce. Kar wani ya ce ka gwada da allura mai zafi, abar nan kama wuta take kamar fetur, kuma in ta fara lalacewa ita da kanta ke sa ƙarfen tsatsa, sai a raba ta da sauran askaken.

Kuma don girman Allah kar ka kai ta wajen masu wasa wuƙa da inji. Ni na yi wannan wautar da ta mahaifina, minti biyu mutumin ya cinye rubutun da bakin gaba ɗaya, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Man keken ɗinki da tsumma mai laushi sun isa.

Jikan Wanzami:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Dan_Kurmi. Na sa mata man keke yanzu wlh har NORFOLK ya fara fitowa. Na murza ƙotar kuma kafur nake ji ƙarara. Yanzu dai neman wanda zai rakani wajen Baffa nake, don ni kaɗai ba zan iya ce masa roba ce ba.