Zanen aro ba ya rufe katara: ya dace da tallafin asibitocinmu?

Ungozoma: Salamu alaikum. A ƙaramin asibitin ƙauye nake aiki. Tun da Amurka ta dakatar da tallafinta a Janairun 2025, aka kuma rushe USAID, hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje, kayan gwajin maleriya da madarar yara masu tamowa suka yi ƙaranci a wajenmu. Surukata ta ji ina kuka da hakan, sai ta ce: "Zanen aro ba ya rufe katara." Maganar ta tsaya mini a rai. Anya nan ne muhallinta?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni ina da ja. Aro sai an mayar, shi ya sa mai zanen aro ba ta sakewa a cikinsa, kuma ba don jikinta aka yanka shi ba. Rigakafin da Gavi, ƙawancen tallafa wa rigakafi na duniya, ke biya wa yaranmu kyauta ne, ba mai zuwa karɓa.

Ɗan Maraɗi: Malam, kyautar da mai ita zai iya yankewa ranar da ya ga dama, ai ƙanwar aro ce. Kuma wani kuɗin rancen Bankin Duniya ne, jikokinmu za su biya. A Nijar an ce magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 tun 2006, amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, har kantin magani ya bushe. Zanen ma gajere ne tun farko.

Ungozoma: Gaskiya ne, amma ni da idona na ga yaran da gidan sauro da allura suka raya. Da hanau gara mannau. Ba na son a ce muna zagin wanda ya taimake mu.

Dattijo: 'Yata, ki lura da wa ake gaya wa wannan magana. Ba a taɓa jefa ta ga mai bayar da zane ba, ga mai ɗaurawa ake faɗa, don ta je ta nemi nata. A Abuja, cikin 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Najeriya, mai masaukin baƙi, yawanci ko rabin haka ba ta kaiwa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci, sai 2018 aka fara sa shi a kasafi. Ina raye lokacin da Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya yana ta fama kan asibitin ƙauye, abin yana ci mini rai.

Malamin Hausa: Na karɓi wannan, Baba. Amma ba zan faɗa wa uwar da ɗanta ke zazzaɓi wannan magana ba, ba ita ta yi aron ba.

Ungozoma: To ranar taron kwamitin lafiya na mazaɓa zan faɗe ta, a gaban kansila.