Abin da muka tattauna kan ƙarar taron dangi

Salamu alaikum 'yan uwa na Nima da Mamobi, ga abin da na tsinta a zancen jiya.

1. Kusan kowa ya yarda majalisar dokokin Ghana ta yi doka ƙarara, mutum dubu da kamfani ɗaya ya cuta su shigar da ƙara guda, don mai sidi 500 ba ya iya biyan loya shi kaɗai. An ta kawo misalin Menzgold, kamfanin zinari da kuɗin mutane suka maƙale a ciki a 2018.

2. Wasu sun ce ai dokar C.I. 47 ta 2004, wato ƙa'idojin shigar da ƙara a Babbar Kotu, ta yarda mutum ya wakilci wasu a kotu, gyara kawai take so.

3. Inda aka rabu: kason loya daga kuɗin da aka samu a shari'ar. Wasu sun ce a ƙayyade shi, wasu sun ce in an matse ba loyan da zai karɓa. Ni dai ina tare da masu ƙayyadewa wallahi.