Keke daga Dindima zuwa ƙofar Yankari: wane shiri ya kamata?

Ɗan Bauchi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Keken tsere mai siririyar taya zai iya hanyar Dindima zuwa Mainamaji, ƙauyen da ƙofar Yankari take? Hawa da gangaren nake ji wa tsoro.

Mai Feda:
Zai iya, malam. Kusan kilomita 29 ne, ka lissafa da dawowa. Ka sa giya mai haƙori 34 a gaba, 32 a baya. Ka sauya tun kafin tudu ya kama ka, don in ka sauya kana danna feda da ƙarfi, sarƙa za ta zame ko ta tsinke. Taya mai faɗin milimita 28 ta fi mai 23 jure ramuka. Iska kuwa kada ta yi ƙasa, in ba haka ba bakin rami zai matse tif ya huda shi wuri biyu.

Baban Faci:
Ƙaya ma fa. Tif biyu, faci, famfo. Kafin ka mayar da tif, shafa cikin tayar da yatsa, ƙayar takan maƙale.

Hajiya Giya:
Ka fita bayan asuba da ruwa lita biyu. A gangara ka riƙa taɓa birki kana saki, shanu kan tsallaka titi. Ka tsaya a ƙofa, ciki akwai giwaye da ɓauna.