Taɓa ƙwaƙwalwar sitiyarin motar tsere: abin da masu harkar suka ce

Ƙorafin ɗaya ne: sitiyarin lantarki ya cika sauƙi, direba ba ya jin abin da tayoyin gaba ke yi a kwana. Masu Porsche 911 sun sha faɗin haka tun da ƙirar 991 ta fito a 2011 da sitiyarin lantarki a madadin na mai.

Tambayar ita ce ko sauya manhajar ƙwaƙwalwar sitiyarin, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi, zai magance wannan. Yawancin masu harkar da suka yi magana sun ce a fara fahimtar aikin ƙwaƙwalwar. Tana auna ƙarfin da hannunka ya sa, ta duba gudun mota, sannan ta umarci ƙaramin injin lantarki ya taimaka gwargwado. Sabuwar manhaja taimakon nan kawai take ragewa ko sauya yadda yake shigowa. Sitiyari zai yi nauyi, amma nauyi daban, jin hanya daban. A ganina nan ne mutane da dama ke yaudarar kansu.

Shi ya sa tsofaffin hannu suka nace a fara daga ƙasa: tayoyi masu taurin gefe, iska daidai, sabbin bushi (robobin da ke mahaɗan ƙafafun mota), da alaimin mai kyau, musamman ƙara kasta (karkatar mahaɗin da tayar gaba ke juyawa a kansa), wanda ke sa sitiyari ya riƙa komawa tsakiya da kansa.

In an zo kan ƙwaƙwalwar, a ajiye manhajar asali kafin a taɓa komai. Bayan aiki a sake saita na'urar auna juyin sitiyari, don tsarin hana santsi da ita yake aiki. Garanti kuwa yana iya tafiya.