Neman shawara: an kawo wa Inna kafson ciyawar teku, an ce ta bar kemo

Maman Hanifa, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sani ku taimaka mini don Allah. Mahaifiyarmu ce ke fama da sankarar mama. An yi mata aiki, yanzu tana karɓar kemo, wato ƙarin ruwan maganin kashe ƙwayoyin sankara, an yi uku saura uku. Tana shan wahala: amai, gashi ya zube, ko fura sai an lallaɓa ta. Shekaranjiya wata mai tallan magungunan ƙarin lafiya ta kawo wani kafso, wai na ciyawar teku ne, yana tada wani abu a jiki mai suna otofaji, sai jiki ya cinye ciwon da kansa. Ta ce har kyautar Nobel aka ba wanda ya gano shi. Sharaɗinta shi ne Inna ta dakatar da kemo, ta riƙa wuni ba ci. Yayanmu ya amince, yana shirin sayar da shinkafar da ya noma ya saya. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Malam Bello, Aliero:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Sinadaran jiki nake koyarwa, kuma matar nan ta haɗa gaskiya da ƙarya ta dama.

Otofaji gaskiya ne. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da hanyar share ɗakinta: ta tattara abin da ya tsufa ko ya lalace, ta ƙunshe shi a 'yar jaka, ta narkar, ta sake gini da shi. Idan yunwa ta matsa, da wannan take riƙe rai. Yoshinori Ohsumi, ɗan Japan, ya samu Nobel a 2016 saboda ya gano yadda abin ke aiki, kuma a kan yis ɗin burodi ya yi bincikensa. Ba magani ya haɗa ba, balle kafso.

Ga inda gizo ke saƙa. Kafin daji ya kama, wannan shara tana kare jiki. Amma da zarar ƙari ya zauna, shi ma da ita yake rayuwa: idan jini bai ishe shi ba, ko kemo ya taso shi gaba, sai ya ci tarkacensa ya jira wuya ta wuce. Shi ya sa masu bincike da yawa toshe ta suke nema, ba tada ta ba. Kun san klorokwin ɗinmu na zazzaɓi? Yana cikin masu toshe ta, an kuma gwada ɗan uwansa tare da kemo a kan marasa lafiya, amma har yau bai zama ƙa'idar magani ba. Daga teku ma akwai wani sinadari, manzamin A, wanda aka ciro a 1986 daga wani soson teku na Okinawa a Japan. A ɗakin gwaji ya toshe otofaji a ƙwayoyin dajin fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. A ɗakin gwaji fa na ce. To wanda ya ce zai tada wa Inna otofaji, ku tambaye shi: na wa zai tada, nata ko na ciwon?

Ɗan Sarkawa, Yauri:
Malam, ashe har soso gare su a teku? Mu nan Kwara sai giwan ruwa da tarwaɗa. Allah shi ba Inna lafiya.

Malam Bello, Aliero:
Dabba ce, Ɗan Sarkawa, manne take da dutse. Ba ƙafar gudu, ba haƙori, sai ta kare kanta da guba. Gubar ce masu magani ke bi.

Hajiya Luba, mai haɗa magunguna, Gusau:
Maman Hanifa, kin yi daidai da kika tambaya. Magungunan daji masu asali da teku suna nan, kuma a hannun likitoci suke. Sitarabin, na sankarar jini, tun 1969 ake amfani da shi, kuma daga wani soso na tekun Karebiyan aka samo dabararsa. Trabektedin ya fito daga wata 'yar halittar teku. Turai ta amince da shi a 2007, Amurka a 2015. Wanda ya fi kusa da ciwon Inna shi ne eribulin, da ake sayarwa da sunan Halaven: an amince da shi a 2010 don sankarar mama da ta bazu. Tushensa wani sinadari ne da aka bayyana a 1986 daga soson gaɓar Japan. Ki lissafa, shekara 24. Abin da ke cikin soson kaɗan ne ƙwarai, sai da aka koyi haɗa kwatankwacinsa a masana'anta. Kuma dukansu kemo ne. Galibi ta jijiya ake ba da su, da awo, suna da nasu wahalar, sannan babban aikinsu hana ƙwayar daji rabuwa ne, ba otofaji ba.

Kafson naku kuwa, ki duba jikin kwalbar, ina kyautata zaton fukoidan za ki gani, wani sinadari mai yauƙi na ciyawar teku mai ruwan ƙasa. Ana bincike a kansa, amma ba a amince da shi a matsayin maganin daji ba. Yana iya tsinka jini, ga mai kemo kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ciyawar teku tana da aidin da yawa, yana iya jawo matsalar maƙoƙo. Ko da kin ga lambar NAFDAC, ba ta nufin an tabbatar yana warkar da daji.

Anti Rabi, Argungu:
Ni na sha kemo shida, ga ni da rai alhamdu lillahi. A na uku nima na ce a bar ni in mutu. Maganar wuni ba ci ita ta fi tada mini hankali. Mai kemo da ba ta ci, jininta ke sauka, a auna a ce ta koma gida sai wani mako, ciwo kuma ba ya jira. Ki gaya wa likita amai ya yi yawa, akwai maganinsa, ana kuma canza shi idan bai karɓe ta ba. Ki riƙa ba ta kaɗan-kaɗan: kunun gyaɗa, ƙwai, romon kifi, nonon da aka dafa. Yayanku kuma kada ki yi masa gardama gaban Inna. Tausayi ne ke ɗawainiya da shi. Ki ja shi ku je asibiti tare, ya ji da kunnensa.

Maman Hanifa, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na duba, fukoidan ɗin ne kuwa. Na karanta wa Yaya bayanin Malam, ya yi shiru, ya ce shi dai bai ga laifin a haɗa biyun ba. Mun tsaya a kan ba za a buɗe kwalbar ba sai ranar Talata, idan mun kai ta gaban likita. Anti Rabi, Inna ta sha kunun gyaɗa rabin kofi da daren nan, bai dawo ba.