Me za mu kira "drafting" na tseren motoci da Hausa?

Jama'a, ina neman kalma. Ina rubuta labarin tseren Daytona 500 na ranar 18 ga Fabrairun 1979 ne a jihar Fulorida ta Amurka, wanda shi ne tseren mil 500 na farko da gidan talabijin na CBS ya nuna kai tsaye tun daga tashi har ƙarshe. Labarin ba zai ba da ma'ana ba sai an bayyana abin da suke kira drafting, ni kuwa ba na son in rubuta "diraftin" in wuce. Kada kuma wani ya kawo mini "daftari", wannan na kasafin kuɗi ne, ba ruwansa da mota.

Ga yadda abin yake. Filin Daytona zagaye ne mai kamar siffar ƙwai, tsawonsa mil biyu da rabi, wato kusan kilomita 4, ana kewaya shi sau 200. Wuraren shan kwanarsa a jirkice aka gina su da digiri 31, don haka direba ba ya bukatar ɗaga ƙafa sosai in ya zo kwana. A irin wannan gudun, babban abin da ke riƙe mota iska ce. Motar gaba ita ke tsaga iskar, sai ta bar gurbi mai ƙarancin matsi a bayanta. Ta baya in ta matso ta shige gurbin nan, sai ta yi gudu daidai da ta gaba ba tare da direban ya take totur har ƙasa ba. Ita ma ta gaban tana ƙaruwa, domin guguwar da ke riƙe ta daga baya ta ragu. Shi ya sa mota biyu a manne sun fi guda ɗaya gudu. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela a kan babur ya san yadda iska ke ɗaukewa daga ƙirjinsa.

Ana jingina gano dabarar ga direba Junior Johnson a tseren Daytona 500 na 1960. Chevrolet ɗinsa ba ta kai motocin Pontiac gudu ba, sai ya lura in ya manne wa ɗaya daga cikinsu ba ta iya tsere masa. Ana saura zagaye kaɗan a gama, gilashin bayan motar Bobby Johns da ke kan gaba ya fice, motar ta juya, Johnson ya wuce ya ci.

To, ga kalmomin da kuka turo mini a matsayin fassarar drafting, da yadda na gan su.

"Bin baya" shi ya fi yawa. Bai yi ba. Duk wanda ba shi ne na ɗaya ba ai bin baya yake yi, ko da tazarar rabin fili ce tsakaninsa da na gaba.

Hajiya da ta ce "goyo", na gode, kuma ya yi daɗin faɗa. Sai dai mai goyo nauyi ta ɗauka, a nan kuwa na gaba sauƙi yake samu. Ga shi kuma masu babur sun riga mu, goyo a wurinsu fasinja ne.

"Shan inuwa" ya ba ni sha'awa, na daɗe ina juya shi. Abin da ya hana ni shi ne hutun da ke cikinsa. Mutumin da ke gudun kusan kilomita 300 a sa'a, hancin motarsa na neman taɓa bayan ta wani, ba inuwa yake sha ba. "Laɓewa" kuma ɓuya ce daga ido, alhali na gaba yana kallon na bayansa sarai a madubi.

Wanda ya zauna mini shi ne na malaminmu da ya rubuto kalma ɗaya tak: fakewa. Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ana fakewa ne daga ruwa ko iska, ana kuma fakewa a jikin wani abu da ya tare maka su, wanda shi ne ainihin abin da motar gaba ke yi. Amma abin da ya sa na ce an gama shi ne ɗaya fuskar kalmar, wadda ke cikin "a fake da guzuma a harbi karsana". Mai fakewa yana da wata niyya a ransa. Direban da ya lafe a bayan wani zagaye ashirin ba don ƙauna ya yi ba, ƙarfin injinsa yake adanawa yana jiran zagayen ƙarshe. Ita kanta kalmar Turancin ba ta ɗauke da wannan makircin.

An kawo ƙorafi biyu, duka masu nauyi. Baba direba ya ce a tasha in ka haɗa mota da "fake", kunne "fakin" zai ji, a ɗauka ka ajiye ta ne a gefen titi. Gaskiya ne, Baba, kuma saboda maganarka na janye "faken iska" da na so in ƙirƙira a matsayin suna, don shi kam da fakin ba su da maraba a baki. Amma a aikatau ba sa haɗuwa: ya faka mota daban, ya fake a bayan mota daban. Mu riƙa cika shi, "fakewa a baya", har ya bi baki. Na biyun shi ne fakewa ba ta nuna ribar da na gaba ke samu. Haka ne, ba ta nuna ba. Jimla guda ta bayani za ta ɗauki wannan.

Akwai ƙanwarta da suke kira slingshot, wato na baya ya zame daga fakewa ya yi amfani da ragowar ƙarfinsa ya wuce fit. Muna da majajjawa, wasu su ce majaujawa, ban ga dalilin neman wata ba. Jerin motocin da ke tafe a manne kuma ayari ne.

Bari mu gwada su a kan zagayen ƙarshe na 1979, mu ji ko za su ɗauki labari.

An yi ruwa kafin tseren, ciyawar cikin fili ta jiƙe ta zama laka. Donnie Allison na gaba, Cale Yarborough ya fake a bayansa, sun bai wa sauran tazarar kusan rabin zagaye. Da suka fito miƙaƙƙen layin baya, Yarborough ya zame ta ciki zai yi majajjawa. Allison ya sauko ya tare shi. Tayoyin hagu na Yarborough suka faɗa laka, motar ta ƙwace masa, ta dawo ta bugi ta Allison, suka sake gwabzawa, suka sarƙe har suka daki katanga a kwana ta uku, suka zamo cikin ciyawa suka tsaya. Ƙaramin ayarin da ke can baya, Richard Petty da Darrell Waltrip da A.J. Foyt, ya zo ya wuce su. Waltrip na fake a bayan Petty amma bai samu hanyar majajjawa ba, Petty ya ci da tazarar tsawon mota guda, karo na shida ke nan da ya ɗauki Daytona 500. Can a ciyawa kuwa Bobby Allison ya tsaya wajen ƙaninsa Donnie, cacar baki ta zama dambe da Yarborough, kyamara na ɗauka. Ranar dusar ƙanƙara ta kulle mutanen gabashin Amurka a gida, saboda haka miliyoyi suka kalli damben kai tsaye.

Ni dai a kunnena sun zauna. Wanda ke da wadda ta fi fakewa ya sa ta a cikin wannan sakin layin ya turo, ba ita kaɗai tsurarta ba.